Lambun Tsakar Gida Ya Bushe a Bazara: A Tumɓuke Ko a Jira?

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Kano ta rubuto cewa a bara ta ware wani ɗan fili a tsakar gidanta, wanda bai wuce taku shida a tsawo da huɗu a faɗi ba, ta dasa zogale da lalle da shuwaka da ɗoɗɗoya da na'ana'a, da gwanda biyu da lemun tsami ɗaya. Da damina wurin ya yi kyau har maƙwabta suna aiko yara tsinkar ganye, amma tun daga Janairu ganye ya fara zuba, kafin ƙarshen Maris kuma rabin shukar ta koma kamar itacen girki. Tana so ta san ko ta tumɓuke ta sake sabuwa, da abin da ya kamata ta sa rai da shi a kowane lokaci na shekara, da kuma yadda za ta riƙe lambun ba tare da kuɗin ruwa ya zarce amfanin da take samu ba.

Amsa: Malama, kada ki tumɓuke komai tukuna. Ki sa farce ko bakin wuƙa ki ɗan kankare ɓawon kowace shuka. Idan kika ga kore da ɗan danshi a ƙarƙashinsa, to shukar tana da rai ko da babu ganye ko ɗaya a kanta. Idan reshen sama ya bushe, ki sake kankarewa kusa da gindi, domin sau da yawa reshe yakan mutu alhali saiwa tana nan lafiya ƙalau. Daga cikin abin da kika lissafa, ina kyautata zaton zogale da lalle da lemun tsami suna nan da ransu, shuwaka da ɗoɗɗoya kuma za su toho daga gindi da zarar sun sami ruwa. Na'ana'a ce kaɗai nake shakka a kanta idan a tsakiyar rana kika bar ta, sai kuma gwanda idan kanta ya yi laushi ya ruɓe, domin wadda ta kai haka ba kasafai take farfaɗowa ba.

Abin da kika gani yanayin ƙasarmu ne ya kawo shi. Kano tana samun ruwan sama kimanin milimita 800 zuwa 900 a matsakaiciyar shekara, kuma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, watan Agusta ya fi kowane wata. Zariya ta ɗan fi haka, tana haura milimita 1,000, Sakkwato ba ta kai Kano ba, Maraɗi da Damagaram kuwa sun fi Sakkwato ƙaranci. Ke nan shukar da za ta zauna a gidanki shekara da shekaru dole ta ratsa wata bakwai ko fiye ba tare da ɗigon ruwan sama ba, kuma hanyar da yawancin itatuwan yankinmu suke bi su tsira ita ce su zubar da ganye, saboda ta ganye ne ruwa yake fita daga jikin shuka. Manoman jihar Maraɗi sun nuna wa duniya ƙarfin saiwa tun daga shekarun 1980, lokacin da suka fara barin kututturen da ake zaton sun mutu suna tohowa a gonaki, suna rage rassa su bar masu ƙarfi, har itatuwa suka dawo a filayen da suka zama fayau. Don haka lambun shuke-shuke masu daɗewa ba a auna shi da yadda ya yi kore a Agusta. Aikin mai shi duka shi ne ya gina saiwa da damina, ya tsallakar da ita bazara, kuma ya san cewa kowace shuka tana da nata lokacin da take bayar da abin da take da shi.

Tunda a bazara kike yanzu, kuma ita ce ke kashe yawancin lambunan cikin gida, bari in tsaya a kanta sosai. Daga tsakiyar Maris zuwa Mayu zafin rana a Kano yakan kai digiri 40, kuma tsakar gidan da aka yi wa daɓen siminti, aka kewaye da katangar bulo, ta fi fili zafi, domin siminti yana riƙe zafi da rana ya sake shi da dare. A wannan lokaci ba girma ake nema wa shuka ba, ana so ne kawai ta kai damina da rai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yayyafa ruwa kaɗan kullum safe da yamma. Ruwan da bai wuce yatsa biyu a cikin ƙasa ba rana ce take shanye shi, kuma yana koya wa saiwa ta tsaya a sama inda ƙasa ta fi zafi. Gara ki ba ƙaramin lemun tsami jarka guda ta lita 25 a lokaci ɗaya, sau biyu ko uku a mako, ki zuba a hankali har ya nutse, da ki raba masa ruwan nan kofi-kofi a kwana bakwai. Zogalen da ya shekara ya isa a ba shi sau ɗaya a mako, lalle ma yakan jure kwana goma. Gwanda da shuwaka su ne masu ƙishirwa, kada su wuce kwana biyu ko uku. Ki yi wa kowace shuka ɗan kwari a kewaye, amma ki bar tudun ƙasa a jikin gindin yadda ruwa ba zai kwanta yana taɓa ɓawo ba. Lemo musamman yakan kamu da ciwon da ke sa gindinsa ya riƙa fitar da ƙaro yana tsagewa idan ruwa yana yawan kwanciya a jikinsa. Lokacin ban ruwa kuwa shi ne bayan la'asar sakaliya ko da asuba.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi ƙarin ruwa muhimmanci, shi ne rufe ƙasa. Ki sami ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa ko ƙaiƙayi ko busasshen ganye, ki shimfiɗa kaurin yatsa huɗu a kan duk inda kike zuba ruwa. Ki gwada da kanki: da azahar ki ɗora tafin hannu a kan ƙasar da take tsirara, sannan ki tura yatsa ƙarƙashin buntun. Ta farko ba za ki iya daɗewa a kanta ba, ta biyu kuwa za ki ji ta da sanyi da danshin ruwan shekaranjiya. Abin da mutane ke tsoro game da wannan shi ne gara, kuma tsoron yana da dalili, domin a rani gara tana bin danshi da busasshen abu. Maganinsa shi ne a bar tazarar tafin hannu tsakanin abin da aka shimfiɗa da jikin shukar, a barbaɗa ɗan toka a wannan tazara, kuma a riƙa duba gindi duk mako ana kankare ƙasar da gara ta fara ginawa. Gara ta fi kama shukar da ƙishirwa ta riga ta raunana, ba kasafai take kayar da mai lafiya ba. Ki kuma sa yara su daina tura hannu cikin tarin ba tare da sun fara motsa shi da sanda ba, saboda kunama.

Akwai dabarar da ta dace da ƙaramin fili irin naki, wato binne tulu. A sami tulun ƙasa wanda ba a shafa masa fenti ko siminti ba, a binne shi har wuya kusa da shuka, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa da faifai ko murfin tukunya. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tulun kai tsaye zuwa inda saiwa take, ba ya bin iska, kuma bayan 'yan makonni za ki tarar saiwoyi sun nannaɗe tulun. Tulu ɗaya a tsakanin shuwaka da ɗoɗɗoya ya ishe su, sai dai a riƙa cika shi duk kwana uku ko huɗu. Rufe bakin wajibi ne saboda sauro. Ita kuwa na'ana'a, ki ciro abin da ya rage na saiwarta ki sa a tsohon bokiti mai huji, ki ajiye shi a gindin randa ko inda ake alwala, inda inuwa take kuma ƙasa ba ta rabuwa da laima.

Wannan ya kawo mu ga batun kuɗin ruwa. Gidan da ake salla sau biyar a rana yana zubar da ruwa mai tsabta fiye da yadda ake zato, kuma ruwan alwala ba shi da sabulu, don haka shi ne mafi kyawun ruwan da za ki tara. A ajiye baho a wurin, ko a yi wa wurin alwalar ɗan magudani zuwa gindin gwanda. Ruwan wankin shinkafa da na gero da na ganye duk suna da kyau. Ruwan wanka mai sabulu kaɗan ana iya ba itace babba, amma kada a zuba shi a kan ganyen da za a ci ɗanye. Ruwan wanki mai garin omo da bilic shi ne ban yarda da shi ba, domin gishirin da ke cikinsa yana taruwa a ƙasa a watannin da babu ruwan sama da zai wanke shi, sai ki ga bakin ganye yana ƙonewa, ƙasa ta yi farin ɓawo ta daina shan ruwa. A ƙiyasina, fili irin naki idan an rufe ƙasarsa zai buƙaci jarka goma zuwa sha biyu a mako a tsananin bazara, kuma kusan rabin wannan zai iya fitowa daga ruwan da gidan yake zubarwa a banza. Sauran ne za ki saya wurin 'yan garuwa, na wata biyu zuwa uku kacal. Kada ki sa takin zamani a wannan lokaci, yuriya ko wanda ake kira sha biyar sau uku, domin a busasshiyar ƙasa ƙona saiwa yake yi, kuma ko ya yi aiki sabon ganyen da zai fitar ƙarin ƙishirwa ne. Idan rana ta fi ƙarfin ƙaramar shuka, a kafa mata zana ta ɓangaren yamma, ko a ɗaura tsohon gidan sauro a kanta.

Bazara ba ta rasa nata kyau ba. A lokacin ne kariya take cika da jan fure a kan rassan da babu ganye, mangwaro yake nuna, ganyen lalle kuma da ya sha zafi yakan kama hannu sosai. Wajen ƙarshenta za ki ga wasu itatuwa sun fara toho tun kafin ruwa ya sauka. Wannan ne lokacin da za ki sare zogalenki a daidai ƙugu, ki datse shuwaka ki bar kamu ɗaya daga ƙasa, ki cire matattun rassan lemo da na lalle, domin sabon tohon ya fito da yawa kuma a inda hannu zai kai. Mutane suna jin tsoron sare zogale, shi ya sa ake ganinsa a gidaje dogo siriri, ganyensa can sama sai da ƙugiya. Wanda aka sare kuwa reshe huɗu ko biyar yake fitarwa a wurin.

Kada ruwan farko ya ruɗe ki. A Kano akan sami ruwa ɗaya ko biyu a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, sannan a ɗauke na mako biyu ko uku, kuma dashen da aka yi a kan wannan ruwan shi ne ke ƙonewa. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna a kowace jiha, kuma gidajen rediyo suna karanta shi da Hausa. A yawancin shekaru daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli ne lokacin dashe a wajenku. Wanda ya dasa a lokacin ya ba shukarsa wata uku cur na ruwan sama ta kafa saiwa; wanda ya bari sai Satumba, don ya ga lambun maƙwabci ya yi kyau, ya miƙa wa rani jaririyar shuka. Ramin kuwa tun a bazara ake haƙa shi, kamu ɗaya zurfi da faɗi. Filayen cikin gari sau da yawa cike suke da ɓaraguzan bulo da ragowar siminti, dole a tsince su, kuma idan aka ci karo da marmara sai a fasa ta da diga, in ba haka ba ramin zai riƙe ruwa ya ruɓar da saiwa. A cakuɗa ƙasar sama da kwano biyu ko uku na takin awaki ko na shanu da ya ruɓe sarai, wanda ba ya wari kuma ba ya zafi idan aka tura hannu. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana jawo gara da gwazarma, kashin kaji kuma ya fi kowanne zafi. Takin bola ban ba da shawararsa ga abin da za a ci ganyensa ba, saboda leda da tsofaffin batura da ke cikinsa.

Farkon damina ne kuma lokacin yawaita abin da kike da shi ba tare da kin sayi komai ba. Shuwaka da lalle da ɗoɗɗoya duk suna kamawa daga reshe: a yanko mai kaurin yatsa, tsawon taƙi ɗaya ko biyu, a cire ganyen ƙasa, a soka rabinsa a ƙasa mai laima. Ciyawar shayi mai ƙamshin lemo ana raba kututturenta ne, kuma tana son a yi mata haka duk shekara biyu ko uku. Zogale yana kamawa ta hanya biyu, kuma akwai bambanci tsakaninsu da ya shafi tambayarki. Wanda aka dasa da sanda yana saurin ba da ganye, amma saiwarsa ba ta nutsewa sosai, don haka ya fi jin rani kuma iska ta fi kayar da shi. Wanda aka shuka da iri yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, yana tura babbar saiwa ƙasa wadda take ajiye ruwa, kuma shi ne ya fi dacewa da wanda yake sayen ruwa. Idan ya kai gwiwa sai a tsinke kansa don ya yi rassa. Akwai irin da ake kira PKM-1, wanda aka fitar a kudancin Indiya, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa shi a Nijar. Yana saurin girma kuma yana da yawan ganye. A tsakanin waɗannan shuke-shuke za ki iya cusa yakuwa da kuɓewa da alayyahu na damina ɗaya, muddin ba su rufe ƙananan dashen ba.

Idan marka ta kama a Agusta, matsalar takan juye. Gwanda da zogale da kariya ruwa ya fi kashe su fiye da fari. Gwanda idan ruwa ya kwanta a gindinta kwana biyu ganyenta yakan yi rawaya ya sunkuya, kuma yawanci shi ke nan. Ki lura da inda indararon gidanki yake zuba. Kwarin da kika yi wa shuka don ya tare ruwa a rani, yanzu sai ki fasa bakinsa ruwa ya wuce, ki tara wa gwanda ƙasa ta zauna a kan tudu. Duk wani gwangwani ko tsohuwar taya da ke riƙe ruwa a kife shi, domin lokacin zazzaɓin cizon sauro ne. A wannan lokaci ne ake ɗan ƙara taki, kuma a nan ne tsutsa take bayyana a kan zogale, wata ƙarama mai saƙa ganye da zare tana cinye shi ya zama raga. Manoman zogale na Nijar sun san ɓarnarta sosai. A ƙaramin lambu tsince ta da hannu da datse reshen da ta kama ya wadatar. In ta yi yawa, a daka busassun 'ya'yan darbejiya kamar rabin kilo, a jiƙa a lita goma na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma, sannan a bar ganyen 'yan kwanaki kafin a tsinka kuma a wanke shi da kyau. Maganin feshin gona na kasuwa, balle irin wanda ake zuba wa sauro da kyankyaso a ɗaki, bai kamata ya kusanci ganyen da za a yi kwaɗo da shi gobe ba.

Game da gwandarki biyu, ki dubi furensu idan sun fara. Namiji yana fitar da ƙananan furanni masu yawa a kan dogon zare da ke reto, kuma ba ya haihuwa. Mace tana fitar da babban fure ɗaya manne da jikin itacen. Akwai kuma mai haɗa biyun wadda take haihuwa ita kaɗai. Shi ya sa ake shuka uku a rami ɗaya, a jira fure, sannan a zaɓi wadda za a bari. Gwanda takan fara ba da 'ya'ya kafin ta cika shekara, amma bayan shekara uku tana tsawo, 'ya'yanta suna ƙanƙancewa, don haka a shekara ta biyu ake dasa magajiyarta.

Kaka gajera ce, aikinta kuma ajiya ne. Ganyen zogale da na lalle suna da yawa, iska ta fara bushewa, saboda haka abin da aka shanya ba ya fumfuna kamar na Agusta. A shanya su a inuwa a kan tabarma, a ɗaki mai iska, domin rana tana kashe koren ganye tana rage amfaninsa. Cikin kwana uku ko huɗu sun bushe, sai a zuba a mazubi mai murfi. Yanzu ne kuma ɓawon gyaɗa da buntu suke da araha, a tara na bazara tun kafin a fara nemansu. Kada a jira ƙasa ta bushe ƙarƙaf bayan ruwan ƙarshe kafin a fara ban ruwa.

Zubar ganyen da kika fara gani a Janairu ta hunturu ce, kuma ga zogale da lalle ba alamar ciwo ba ce. Da dare sanyi yakan sauko zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka, girma yana tsayawa, iskar arewa maso gabas kuma tana zuwa a bushe ɗauke da ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Ƙurar tana kwanciya a kan ganyen lemo, kuma a ƙarƙashinta ne ƙananan ƙwari suke samun wurin zama: darɓa a kan sabon toho, wani farin ƙwaro mai gari-gari a bayan ganyen gwanda, da wasu jajaye ƙanana da ido da ƙyar yake ganinsu, masu sa ganye ya yi ɗigo-ɗigon rawaya. Wanke ganye da ruwa sau ɗaya a mako, sama da ƙasa, yana rage su ƙwarai. Shuka ba ta shan ruwa a hunturu kamar a bazara, amma iskar tana busar da ƙasa, don haka ragewa ake yi, ba a dainawa. Wannan ne lokacin na'ana'a, wadda take bazuwa ta cika bokiti daidai lokacin da ake yawan shan shayi, da salak da karas da albasa ga mai son ƙarawa. Shuwaka tana fitar da fararen furanni da zuma ke rububi, ganyenta yana ƙanƙancewa ya ƙara ɗaci, mangwaro yana fure, zogale ma yana fure ya fara kwanso. Ki bar kwanso biyu ko uku su bushe a kan itacen don irin baɗi.

Akwai ɓarnar da ba ta yanayi ba ce, ta zaman gida ce. Akuya ɗaya da ta tsinke igiya za ta gama da dashen wata uku kafin a idar da sallar azahar, kaji kuma suna tone abin da aka shimfiɗa suna fito da saiwa. A shekarun da Babbar Salla take faɗowa kusa da lokacin dashe, kamar 2025 da ta kasance a farkon Yuni, ragon layya yana ɗaure a tsakar gida daidai lokacin da sabon toho yake fitowa. Shinge na kara ko na waya, ko da tsawon ƙugu ne, ya kamata a yi shi kafin a dasa komai. Tunda shekarar Musulunci tana ja baya da kimanin kwana 11 duk shekara, mai son lallen Salla ko zogalen buɗa-baki daga lambunta kada ta dogara da ɗanye. Abin da ta shanya a kaka shi ne zai same ta ko a wane lokaci watan ya kama. Idan akwai ƙananan yara, ki sani cewa ruwan jikin kariya dafi ne, 'ya'yan bini-da-zugu ma suna sa amai da gudawa mai tsanani, don haka ko dai a bar su ko a sa su inda hannu ba ya kaiwa. Zogale kuwa abinci ne mai gina jiki, yana da sinadarin ƙarfe da bitamin A, amma mai ciwon suga ko hawan jini kada ya ajiye maganin asibiti don yana shan ruwansa.

Shekarar farko ita ce mafi tsada da wahala. Daga ta biyu zuwa ta uku saiwa ta nutse, zogale ya fara yi wa na ƙasa da shi inuwa, ganyen da ya zuba ya zama taki, buƙatar ruwa kuma tana raguwa a fili. Lemun tsami idan ɗan aure ne yakan fara haihuwa a wajen shekara ta uku, na iri kuwa yakan kai biyar ko fiye. Ki riƙa cire duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren, domin na uwar gindi ne, in aka bar shi sai ya rinjayi na sama. Idan za ki sake tsari a daminar bana, ki haɗa masu ƙishirwa wuri ɗaya kusa da inda ruwan gida yake fita, masu jurewa kuma ki kai su jikin katangar da rana ta fi duka. Idan kina son ƙari, rumman yana jure fari, sai dai 'ya'yansa suna tsagewa idan aka bar shi ya bushe sannan aka malala masa ruwa. Gwaba ma tana yi, haka magarya 'yar aure mai manyan 'ya'ya, da kuka da ake datsewa a tsawon mutum don ganyen miya kawai. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, mai hedikwata a Ibadan, tana da reshe a Bagauda, kuma wuri ne da za ki iya tambayar dashen da aka aura. Ayaba ban ba ki shawara ba muddin sayen ruwa kike yi. Mangwaro da darbejiya kuwa sun fi ƙarfin fili mai taku shida: inuwarsu za ta kashe duk abin da ke ƙarƙashi, saiwarsu kuma za ta nemi tushen katanga da ramin salga, naki da na maƙwabci.